Mita DT830D a aikin wayarin mota: tana aiki amma ka san halinta

Wannan ƴar mitar mai lambobi, DT830D, ita nake amfani da ita wajen bin wayarin mota kuma gaskiya tana fidda ni kunya, duk da ƙanƙantarta. Ka murɗa ta zuwa 20V na DC, jan tsinke a kan fulos na batir baƙi a kan mainos, in mota a kashe take lafiyayyen batir zai ba ka wajen 12.6, in ka ga 12.2 to ya kai rabi, ka tada inji kuma ya kamata ta hau 13.8 zuwa 14.4, in ba ta hau ba sai ka koma kan altaneta.

Tana da ƙararrawa ta gwada fis da waya ko ta tsinke, amma don Allah kar ka yarda da ƙarar nan ɗari bisa ɗari. Waya da ta ci tsatsa saura sili ɗaya a ciki za ta yi maka ƙara lafiya lau, amma kik, wato abin da ke tada inji, ya ja wuta sai ta kasa. Inda mitar nan ta fi kwan gwaji nesa ba kusa ba shi ne auna wutar da ke zubewa a hanya: tsinke ɗaya kan mainos na batir ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa maka makulli, in ta nuna sama da 0.5 to wayar at ɗin nan da ke haɗa mainos na batir da jikin mota ko kan batir ne ke da datti, ba kik ba ne, mutane da yawa suna canza kik a banza saboda wannan.

Matsalarta kuwa, ramin 10A, inda ake mayar da jan tsinke in za a auna yawan wutar da ake ja, ba shi da fis, in ka auna abin da ke shanye batir cikin dare (kada ya wuce wajen 50mA bayan mota ta huta) to ka mayar da jan tsinken mazauninsa nan take, in ka manta ka ɗora a kan batir tartsatsi zai tashi. Wayoyin tsinken sirara ne suna saurin tsinkewa daga ciki, fuskarta ba ta da haske, ƙarƙashin sitiyari sai da tocila. Kuma ba ta kashe kanta, batirinta na 9V in ya yi sanyi lambobi sukan haura su ruɗe ka, da alamar batir ta fito a canza shi.

Mai mota ko ɗan koyo ta ishe shi. Mai wannan sana'a kullum ya nemi wadda ramin 10A ɗinta ke da fis.