Wajen motsa jikin matan nan na Tumfure a Gombe

Ni dai na yaba da wajen, kuma ba don injina ba, don gaskiya injinan nasu ba su taka kara sun karya ba, kocin ce ta saye ni. Atisaye mai zafi suke yi, tsalle da tsuguno da gudu a tsaye na daƙiƙa 30 a ɗan huta a sake komawa, kafin minti 20 kin jiƙe sharkaf.

Ranar rajista Anti, wato kocin, za ta ja ki gefe ta tambayi yadda al'adarki take, kina ciwon mara ko a'a, jinin na zuba da yawa ko kaɗan, sai ta ce kullum kin gama ki rubuta yadda jikinki ya ji. Ita ta fahimtar da mu cewa bayan fitar ƙwai, wajen kwana na 14 ga mai zagayen kwana 28, sinadarin progesterone yana hawa, zafin jiki ya ƙaru da kusan rabin digiri, to ki haɗa wannan da zafin Gombe na watan Afrilu ki ga yadda numfashi ke sarƙewa. A irin kwanakin nan hutu take ƙara min tsakanin zagayen atisaye, ta yi ta cewa ƙanwata sha ruwa mana.

Inda ta fi burge ni ba ta mai da abin doka ba. Wata macen ranar farkon jini ko miƙewa ba ta iyawa, wata kuma ranar ce take fin kowa tsalle har ciwon marar ya lafa, kuma binciken da aka tattara a 2020 ma ya nuna bambancin ƙarfin jiki tsakanin kwanakin zagayen al'ada bai da yawa in an haɗa mata gaba ɗaya, kowacce da nata jikin. Mai yawan jini da jiri kuwa asibiti take tura ta awon jini, ban da nacin a ci hanta da wake da zogale. Wadda al'adarta ta ɗauke saboda rage abinci da yawan atisaye ma ba ta barinta ta ci gaba sai ta ga likita.

Matsalarsu banɗaki, ɗaya tal, babu ko kwandon zubar da auduga, haba a wajen mata fa! In an ɗauke wuta kuma sai an yi ta magana kafin a tada janareta, fankoki tsaye ana haki. Ki zaɓi ajin bayan asuba, na yamma zafi zai kore ki.