Sharhi kan Dreamcast: da ta samu manyan wasannin ƙwallo, da me zai faru?

Dreamcast ɗin da nake amfani da ita, wato na'urar gem ta kamfanin Sega, ta hannu ce, na saye ta wajen wani mai gyaran gem a Tudun Wada, kuma da yake ƙirar Turai ce, tana ɗaukar wutarmu kai tsaye ba sai an nemi na'urar rage ƙarfin wuta ba. Duk da tsufanta, hoton wasannin Soulcalibur da Crazy Taxi yana fitowa tas a tsohuwar talabijin, babu tangarɗa. Abin da ya fi burge ni shi ne memorinta, wanda ake cusawa a cikin hannun gem, yana da ɗan allo nasa da ke leƙowa ta wata taga a tsakiyar hannun. Tana kuma da wurin jona hannu huɗu, alhali PlayStation 2 ta kamfanin Sony biyu gare ta. Sai dai sandar juyawa ɗaya ce a hannun, wayarsa kuma ta ƙasa take fitowa, don haka sai mutum ya saba.

Sega ta fitar da ita a Japan a 1998, ta kai Amurka ranar 9 ga Satumba 1999, sannan ta daina ƙera ta a Maris 2001 bayan an sayar da kusan miliyan 9, yayin da PlayStation 2 ta haura miliyan 150. Masu nazari da dama suna cewa rashin DVD ne ya kayar da ita. Wataƙila haka ne a Japan da Amurka, amma a Kaduna ta wancan lokaci kaset ɗin bidiyo da VCD muke kallo, kuma modem ɗin shiga intanet da take tinƙaho da shi yana buƙatar wayar tangaraho, wadda ba kowane gida ke da ita ba.

A ganina ƙwallo ce ta raba gardama a nan. Kamfanin EA bai fitar da wasa ko ɗaya a kanta ba, saboda haka babu FIFA, ita kuma Winning Eleven ta Konami, wadda samari ke layi dominta a gidajen gem na Kawo da Rigasa, a PlayStation take. Da Sega ta shawo kan waɗannan kamfanoni biyu, da mai gidan gem ya zauna ya yi lissafi, domin na'urar da yara huɗu za su biya su buga a lokaci guda ta fi kawo ciniki. Ban yarda cewa hakan zai kayar da Sony ba, domin Sega ta shigo fagen ne da raunin asarar da Saturn, na'urarta ta baya, ta jawo mata, ga Microsoft kuma ta iso da Xbox a 2001. Amma na yi imani da ta ƙara shekaru a kasuwa, kuma da gasar ta tilasta wa Sony sassauta farashi da wuri.

Wanda zai saya don wasannin faɗa da tsere zai ji daɗinta ƙwarai, amma mai neman ta don gidan gem ya haƙura. Kafin a biya kuɗi, a sa mai sayarwa ya kunna faifai aƙalla biyu a gabanka, domin idon da ke karanta faifai ne ya fi saurin gajiya a tsofaffin na'urori, kuma samun madadinsa a kasuwa yana da wuya.