Saƙo daga Ingila kan na'urar kunnen Hajiya

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya kuma zafin Gombe?

Na ga saƙonka cewa in sayi na'urar ƙara ji in ba masu tahowa gida. Ba ƙi nake yi ba, amma ka bari in faɗa maka yadda abin yake a nan, tunda a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma da yawansu gigin tsufa ya haɗu musu da nauyin kunne, irin na Hajiya.

A nan likitan unguwa ake fara gani, ya leƙa kunnen, don sau da yawa dauɗa ce kawai ta toshe shi. In ba ita ba ce, sai ya tura mutum wajen masu gwajin ji. Za a shigar da shi ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin sauraro a kai, a riƙa sako ƙara iri-iri, duk wadda ya ji ya danna maɓalli. Da wannan sakamakon ake saita na'urar a kwamfuta, kunnen dama daban, na hagu daban, kamar dai tabarau na likita da ba ka iya aron na wani. In jin ya yi nisa da lalacewa, har awon ramin kunnen ake ɗauka a ƙera robar da za ta zauna daram. Hukumar lafiya ta gwamnati, NHS, aro take ba da na'urar kyauta, batir kyauta, gyara kyauta. Aibinta ɗaya, jira. Mai gaggawa sai ya tafi shagunan kuɗi, inda ta kunne biyu ta kamfanoni irin su Phonak ko Oticon kan kai dubban fam.

Saitin nan shi ne komai. Tsufa yakan fara cinye siraran sautuka ne, irin su s da f da sh. Shi ya sa Hajiya take jin muryarka, amma ta ce jikoki ƙunƙuni suke mata. Waɗannan masu arahar da ake tallarsu a intanet da kasuwa komai suke ɗagawa gaba ɗaya, da maganar mutum da janaretan maƙwabta da ƙarar kwanuka. Ba tsohon da zai jure, cirewa zai yi ya tura ƙarƙashin filo.

Game da mantuwar kuwa, a 2020 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin gigin tsufa waɗanda ake iya magancewa, a 2024 kuma suka mai da su 14, raunin ji na nan ciki. An kuma yi wani gwaji a Amurka mai suna ACHIEVE da tsofaffi 977, aka bi su shekara uku. Da aka fitar da sakamakon a 2023, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka ba na'urar da waɗanda ba a ba ba a jimlarsu, sai a rukunin da suka fi kusa da haɗarin, inda na'urar ta rage saurin dusashewar tunani da kusan rabi. Saboda haka kada wani ya ce maka magani ce. Abin da ya tafi ba za ta dawo da shi ba.

Amma akwai abin da nake gani da idona. Akwai wata tsohuwa a wajenmu da aka ɗauka ta daina gane mutane, a tambaye ta shayi ta ba da amsar wanka. Ashe batir ne ya mutu, ga dauɗa ta cika ɗan bututun. Da aka gyara, mantuwar tana nan, amma ta koma amsa gaisuwa, faɗan ma ya ragu. Ka tuna gwajin ƙwaƙwalwa da baki ake yinsa. Wanda bai ji tambaya ba ta ina zai ci?

Wahalar mai gigin tsufa ita ce ba zai ce maka ta daina aiki ba. Kullum da safe mukan dunƙule na'urar a tafin hannu, in ta yi fito to da ranta. Mu goge, mu sa, da dare mu cire mu buɗe ƙofar batir ta sha iska. Batiran ƙanana ne ƙwarai, tsoho na iya ɗaukarsu ƙwayar magani ya haɗiye, kuma haɗari ne babba, don haka akwai mai ƙofa da makulli. Mai caji ta fi sauƙi ga masu rawar hannu, sai dai ka san halin wutarmu, sai in da sola. A gida ga ƙarin ƙurar hunturu da gumi, ga alwala sau biyar. Dole a sami mai cire mata kafin shafar kunne, ya mayar bayan ya bushe. Wa zai ɗauki wannan, Anti ko 'yan matan? Ku zauna ku tsayar tun yanzu.

Shawarata, ku kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe a duba kunnen, ku nemi gwajin ji. In an tura ku gaba, akwai Asibitin Koyarwa na ATBU a Bauchi, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A sayi na'urar inda za su saita ta, kuma a iya komawa in ta ba da matsala. Kuɗin a kaina. Batir da akwatin busarwa zan aiko, ka dai turo mini lambar batirin, ko 13 ko 312.

Kafin nan a daina yi mata ihu, ba ya ƙara komai sai ɓacin rai. A kashe rediyo, a zauna gabanta ta ga baki, mutum ɗaya ya yi magana a hankali.

A gaishe mini da Hajiya, a ce zan kira ranar Juma'a bayan la'asar, ta bidiyo.

Ƙanwarka.