Yawon ƙafa da jagora a Atina: inda kuɗina ya fita da inda bai fita ba

Kwana uku muka yi a Atina, babban birnin Girka, ni da uwargida. Ranar farko muka bi ayari zuwa Akropolis, tudun da ke ɗauke da shahararrun tsofaffin gine-ginen birnin, muka sha rana da turereniya, muka ɗauki hoton da kowa ke ɗauka. Da dare ina latse-latsen waya sai ga tallar wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido: za su zagaya da mutum a ƙafa wuraren da baƙi ba su cika zuwa ba, daga azahar har dare, a rufe da kallon taurari. Na biya nan take.

Mu tara ne, jagorarmu wata matashiya 'yar garin, mai fara'a da saurin tafiya kamar ana binta bashi. A dandalin Monastiraki muka haɗu, gaban tsohon masallacin da Turkawa suka gina a 1759, wanda yanzu ba a sallah a cikinsa. Daga nan sai Hasumiyar Iskoki, ginin marmara mai kusurwa takwas da ya haura shekara 2,000. Kowace fuska an sassaƙa mata siffar iskar da ke kaɗowa daga wannan ɓangaren, da zanen agogon inuwa a ƙasanta, a ciki kuma da akwai agogon ruwa. Ta bayan shinge muka leƙa, domin a nan ne muka gane kuɗin da muka biya bai haɗa da tikitin shiga ko'ina ba. Tallar ba ta faɗi haka ba, kuma raina bai so ba.

Haushin ya wuce da muka shiga gidan kayan tarihin Musulunci na Benaki, kusa da tsohuwar maƙabartar Kerameikos. Antonis Benakis, wanda ya fara tara kayan, Bagirke ne haifaffen Iskandariya ta Masar, shi ya sa kayan Masar suka yi yawa. An buɗe wannan reshe a 2004. Akwai tangaran, ƙofofin katako masu sassaƙa, yadudduka, makamai, har da daɓen marmara na zauren wani gidan Alƙahira na ƙarni na 17, an kwaso shi an sake shimfiɗawa. Ban da mu, baƙi ba su fi huɗu ba a ginin gaba ɗaya.

Abin da ya tsayar da ni wani faifan tagulla ne, asɗurlabi, wanda Ahmad ibn al-Sarraj na Halab ya ƙera a wajajen 1328. Da irinsa masana ke auna tsayin rana da taurari, su fitar da lokacin sallah. Galibin asɗurlabi sai ka sauya masa faifai idan ka sauya gari, amma wannan an tsara shi ya yi aiki duk inda mutum ya samu kansa. Na manna fuska da gilashi ina bin rubutun Larabcin da aka zana siriri kamar da bakin allura, ga lambobi da haruffan abajada irin waɗanda malaman zaure suka sani. Ban gama zagaye ɗaya ba jagora ta tafa hannu, wai minti arba'in sun cika. Uwargida ta ja hannun rigata: "Alhaji, taho, an bar mu." Ko ɓangaren tsohuwar ganuwar birnin da ke ƙarƙashin ginin a guje muka gani. Wannan gida na neman awa biyu cur, kuma ba kullum ake buɗe shi ba, sai a duba ranakun kafin a je.

Sai hawan tudun Filopappos. Hanyar an shimfiɗa ta da duwatsu iri-iri, aikin maginin nan Dimitris Pikionis a shekarun 1950, kyakkyawa ƙwarai, amma tafin ƙafar jama'a ya goge duwatsun sun yi santsi. Ni da na sa takalmin fata mai sulɓin ƙasa sau biyu ina kai hannu ƙasa. A sama kuwa, ga Akropolis kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka juya baya ga teku da tashar jiragen ruwa ta Piriyas, babu mai ture ka, babu ko sisin shiga. Tsarin kamfanin bai ware lokacin sallah ko hutu ba. Da na yi wa jagora magana ba ta yi musu ba, ta tsayar da mutane, muka shimfiɗa mayafin uwargida a gindin zaitun muka yi magariba da isha a haɗe. Na yaba mata da wannan.

Cibiyar nazarin taurari ta ƙasa tana kan tudun da ke maƙwabtaka, a unguwar Tisiyo. An kafa ta a 1842 da kuɗin attajiri Georgios Sinas, ginin kuma fuka-fukansa huɗu na fuskantar gabas, yamma, kudu da arewa. A ciki akwai tsofaffin agogo, littattafai da na'urorin auna girgizar ƙasa. A nan Bajamushe Julius Schmidt ya kwashe shekaru yana zana taswirar wata da hannu, aka buga ta a 1878 da ramuka fiye da 30,000. Ma'aikacin cibiyar ne ya karɓe mu daga hannun jagora, kuma bambancin a fili yake: ba ya gaggawa, duk tambayar da aka yi sai ya zauna mata.

Daga nan aka taka da mu cikin duhu zuwa wata ƙubba, inda madubin hangen nesa na Doridis yake tun 1902, faɗin gilashinsa santimita 40. Rufin ya buɗe da ƙara, aka hau ɗan tsani ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗora ido sai ga wata ya cika madubin, ramukansa da inuwarsu ɓaro-ɓaro kamar busasshen tafki da rani. Aka juya zuwa tauraron Zuhal (Saturn), ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero amma da ƙawanyarsa. Uwargida, wadda tun a tudu take mitar ƙafa, sau biyu tana komawa layi. A waje na nemi Kaza da 'Ya'yanta a gabas, da ƙyar na tsinto ta saboda hasken fitilun birni.

Kamfanin dai ba zan sake ba shi kuɗina ba. Duk wuraren nan tafiyar ƙafa ce daga tashar jirgin ƙasa ta Tisiyo, ziyarar dare kuma ana iya neman gurbi kai tsaye daga cibiyar, a tambayi daren da ake bayani da Turanci. A sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙe rigar sanyi, don saman tudun da iska ko da an yini da zafi. Washegari kafin mu wuce filin jirgi na koma wurin asɗurlabin ni kaɗai, na ƙarasa zagayen da aka katse mini.