Wandon jins ɗin da ya bar ni na yi sujada hankali kwance

Wata huɗu ke nan ina sa wannan wandon, kusan kullum in za ni aiki, don haka yanzu ina da bakin magana a kansa.

Rigimata da jins ta daɗe. Cinyoyina masu kauri ne tun zamanin tamaula, ƙuguna bai kai su ba, ga ɗan tumbi da ya fara leƙowa bayan aure. In na ɗauki lamba 34, cinya ta hana shi hawa. In na ɗauki 36 ya shiga lafiya, sai bayan ya wage baki har hannu na shigewa. Bel ba ya maganin wannan, tattare yadin kawai yake yi kamar bakin buhu. Wanda na saya ta intanet kafin wannan shi ya fi ba ni kunya, irin mai gajeriyar hantsar nan ne da ke zama can ƙasan cibiya. Wata rana bayan la'asar, wani dattijo da ke sahun bayana ya riƙo hannuna a hankali ya ce, "Ɗana, in za ka sa irin wannan wando, ka riƙa haɗawa da doguwar riga." Tun ranar yana ƙasan akwati.

Wannan kuwa a gwanjo na same shi, a kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, lokacin sanyi. Na je da tef ɗin awon maman yara a aljihu. Mai kayan ya ce, "Yallaɓai, zagaya ƙugun a wuyanka kawai, in ya haɗu ya yi maka." Na yi dariya, domin dabarar nan ta taɓa kayar da ni sau biyu. Ina ruwan wuya da tumbi? Na shimfiɗa wandon, na sa maɓalli, na auna bakin ƙugu daga gefe zuwa gefe, inci 18, wato 36 in an ninka. Takardar jikinsa kuwa W34 ta ce, wato ƙugu inci 34. Sai na auna abin da ya kai ni kasuwar, daga hantsa zuwa saman maɓalli: inci 11 da rabi. Tsohon nawa 9 ne. Waɗannan inci biyu da rabin su ne sirrin. Wandon yana hawowa kusa da cibiya, ya tallafe cikin maimakon ya kwanta a ƙarƙashinsa ya turo shi waje, riga kuma ta sauka sumul.

Ƙugun ya ɗan yi mini yawa ta baya, kamar yadda na zata, sai na kai wa telan unguwarmu. Na ce ya cije daga gefe, ya ƙi. "Malam, in na taɓa gefe na ɓata maka aljihu," in ji shi. Ya cire madaukin bel na tsakiyar baya, ya farke ɗinkin, ya rage inci ɗaya da rabi, ya mayar. Allura biyu ya karya, don wurin kauri gare shi. Aljihunan baya sun ɗan matso kusa da juna, zaren kuma bai yi daidai da na asali sak ba, amma sai mai neman magana ne zai lura.

Yadin auduga ne kashi 98, zaren roba kashi 2. Shi ya sa nake tsugunawa alwala, in hau babur, in harɗe a tabarma, maɓalli bai soke ni ba. Aibinsa ma daga nan yake. In na sa shi kwana uku a jere, ƙugun yakan saki, gwiwa ta yi jaka, sai an wanke ya dawo hayyacinsa. Ina juya cikinsa waje, in wanke da ruwan sanyi, in shanya a inuwa, kuma ba na bari mai guga ya ƙona shi, zafi na kashe robar. Ga nauyi. Da sanyi daɗi ne, amma yanzu da zafin Afrilu ya kama Kano, daga azahar nake fara kewar wandon shadda da mazaginsa.

Mai siririyar ƙafa ba ya bukatar wannan ɗawainiya, yankan zai yi masa ɓurum. Ni dai Asabar mai zuwa zan koma neman baƙi irinsa, in maman yara ta yarda ta sake ara mini tef.