Jitar da aka ce ta mutu a Kaduna

Abokan sana'ata na Kaduna sun dame ni da tambaya a waya: nawa ake sayar da jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, a Legas, wacce ce mai aminci, a ina ake samun tsirkiya ta gaske? Kaya kam akwai su. Wanda ya shiga layin masu kayan kiɗa a kasuwar Alaba da ke Ojo zai ga Yamaha da Ibanez da Cort da Squier a rataye reras, sababbi da na hannu waɗanda a nan ake kira tokumbo, ga amfilifaya ta Hartke da Peavey an jera har bakin hanya. Amma kaya kuɗi ne ke kawo su, ko gobe wani ɗan kasuwa zai iya cika mota ya sauke a Kaduna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke yi wa kayan hidima.

Jitata Squier ce mai tsirkiya huɗu, ta hannu na saye ta. Kafin in baro gida ta riga ta zama abin tausayi. Tsirkiyun sun yi nisa da wuya har sai yatsa ya yi tsami kafin ka danne ta ƙasa, in ka hau sama sauti ya kauce, ga wani ƙugi da ba ya tsayawa sai ka dafa ƙarfe. Na kai ta wurin mai gyaran rediyo, ya canza bakin da ake soka waya, ƙugin yana nan. Wani kafinta ya ce a kawo ya fere wuyan. Ƙarshe duk wanda ya gan ta hukunci ɗaya yake yankewa: ta mutu, a nemi wata.

Wani mai ganga ɗan Jos da muke aiki tare ya kwatanta mini wani dattijo Bayarabe a Mushin. Shagon nasa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, mutum biyu ba sa zama ciki a sake. Na gaishe shi, na buɗe jaka. Ko wuta bai sa mata ba. Ya ɗaga ta, ya kafa ido ɗaya daga kai yana duban tsawon wuyan, yadda magini ke duba ko katanga ta miƙe. Ya danne tsirkiya a kan ƙarfen wuya na farko da na ƙarshe, ya leƙa ratar da ta rage a tsakiya. Sannan ya shafa gefen wuyan da babban yatsa, ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta zaman Agege:

"Malam, wannan daga Arewa ta zo."

Na ce, "Haka ne, Baba. Ya aka yi ka gane?"

Ya kama yatsana ya bi da shi gefen. Bakin ƙarafan nan da ke gicciye a wuya sun ɗan leƙo waje suna kartar fata. Ya ce hunturunku ne. Iska ta bushe, katako ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Shekaru ina jin wannan kartar a hannuna, ban taɓa samun wanda ya gaya mini dalilinta ba.

Ya ɗauko alanki, ya sa a wani rami da ke kan jitar. Ashe cikin wuyan akwai sandar ƙarfe tun daga kamfani, aikinta ke nan ta ja da ƙarfin tsirkiyu huɗu da ke tanƙwaro katakon. Kwata ɗin zagaye kawai ya murɗa, ya rataye ta a bango ya ce in dawo gobe, ba a yi wa katako gaggawa. Da na dawo, a gabana ya goge bakin ƙarafan da ƙaramin magagari, ya sauke gadar tsirkiyu, ya bi kowace tsirkiya yana gwada sautinta a sake da kuma a ƙarfe na 12, yana matsar da ɗan kusa gaba ko baya har biyun suka daidaita. Ya buɗe cikin, ya nuna mini wayar da ya kamata ta taɓa ƙarƙashin gada, ta tsinke tun ba yau ba, ita ce uwar ƙugin. Ya liƙa ta da dalma, ya shimfiɗa wa ramin takardar tagulla. Da ya soka ta a amfilifaya, shiru kake ji har sai da ya taɓa tsirkiya.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kuɗin da ya karɓa bai kai na saitin tsirkiya ɗaya mai kyau ba. A bayansa akwai jita uku na sayarwa a rataye, ni kuma na zo da kuɗin sayen wata a aljihu, ya kuma san haka domin na faɗa masa. Ya ce, "Riƙe kuɗinka. Katakon nan ya fi na waɗancan."

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa Legas ke da irin wannan dattijo mu ba mu da shi. Aiki ne ya haife shi. A garin nan kowace Asabar akwai ɗaruruwan bukukuwa, owambe, kuma Bayarabe in ya isa ba ya yarda a aurar da 'yarsa ba makaɗa a tsaye. Kowace Lahadi coci-coci na biyan mai bes da mai ganga da mai fiyano. Ga otal-otal, ga Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, ga gidan kiɗa na New Afrika Shrine a Agidingbi cikin Ikeja, wanda Femi Kuti da yayarsa Yeni suka buɗe a 2000, inda ake Felabration, bikin tunawa da mahaifinsu mawaƙi Fela, duk watan Oktoba. Inda jita dubu ke fita aiki kowane mako dole a sami mai gyaranta, da mai hayar ɗakin gwaji na awa-awa da ganguna a kafe, da mai sauti wanda ya san aikinsa.

Maganar mai sauti ma abin faɗa ce. Wasana na farko a wani zauren biki a Ikeja, awa biyu kafin baƙi aka kira mu gwaji. Yaron da ke kan miksa ya miƙo mini ƙaramin akwatin nan da ake kira DI, ya ce in bi ta cikinsa. Da ƙugin janareta ya shigo, maɓalli ɗaya ya danna a jikin akwatin ya ɗauke. Sai ya ce ni da mai ganga mu yi mu kaɗai, ya yi ta rage nan yana ƙara can har bugun babbar ganga da sautina suka daina cin juna. A gida sau nawa aka soka ni a ramin makirfo, aka ce "ai ana ji"?

Kada ku ɗauka aljanna ce. Iskar garin nan mai gishiri da laima tana cin tsirkiya kamar me. Saitin da zai yi maka watanni a Kaduna, nan ka yi wasa kaɗan ka ga tsatsa, sauti ya dushe. Dole bayan kowane wasa ka goge da ƙyalle, kuma duk mun koyi tafasa tsofaffin tsirkiyu a ruwa su ɗan farfaɗo, domin tun da Naira ta faɗi a 2023 sabon saiti ya zama abin da ake yi wa tanadi. Ga jabu. An taɓa sayar mini da saiti a wani shago, kwali da tambari sak na babban kamfani, tsirkiyar G ta tsinke ina cikin ɗaurawa. Na koma, mai shagon ya ce bai taɓa ganina ba. Farashi kuma fuska ake duba: in aka ji Hausa a bakinka sai a ɗauka ko dai ba ka san kaya ba ko kuma ka zo da kuɗin shanu. Wannan raini yana ƙona mini rai fiye da tsadar.

Sai hanya. Tun da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da tsibirin Legas a 2022, ɗaukar jita da amfilifaya zuwa wasa ya zama aiki na biyu. Kwandastan danfo, motar hayar garin, zai ce amfilifaya kujera guda ce, a biya mata. Yaran tasha su ma su ce a ba su na kaya. Ka fito Agege da azahar don wasan ƙarfe bakwai a Lekki, ka isa rigarka sharkaf. Ka tsaya awa biyar ko shida a kan ƙafa, liƙi yana zuba kan mawaƙi da shugaban ƙungiya, kai kuma a ce za a turo maka naka ranar Litinin, Litinin ɗin da takan kai Juma'a.

Inda nake samun sauƙin zuciya shi ne wata majalisa a teburin mai shayi a Agege, daren Litinin, ranar da makaɗi ba ya aiki. 'Yan Jos ne da 'yan Kafanchan da Zonkwa da mutum ɗaya daga Yola, Musulmi da Kirista, Hausa ce ta haɗa mu. Gardama ba ta ƙarewa. Ɗan Kafanchan, wanda a coci ya tashi, ya ce duk mai tsirkiya huɗu a Legas yana cutar kansa, domin mawaƙan coci na sauya murya yadda suka ga dama, kuma ba tsirkiya ta biyar, B ta ƙasa, ba ka da wurin sauka. Yana da gaskiya a aikinsa. Ni dai ina nan kan huɗu. Kamfanin Fender ya fito da bes samfurin Precision a 1951 da Jazz a 1960, duk da tsirkiya huɗu, kuma yawancin kiɗan da ya sa muka kamu da son wannan abu da huɗun aka yi shi. Ɗan Yola kuwa ba ruwansa da wannan, shi faɗansa da jita mai batir ne, tun ranar da batir ɗin nan mai bolt 9 ya mutu masa ana tsakiyar shigowar amarya. Yaran yanzu suna son mari da babban yatsa, tas-tas-tas, don a ɗauka a sa a TikTok. Ba laifi, amma shugabannin ƙungiya a nan wanda ke riƙe kiɗa suke sake kira.

A kan waƙa ma kowa da gwaninsa. 'Yan coci sun fi son salon makossa na Kamaru, inda bes ke yawo kamar shi ne mai waƙar. Wasu sun rantse da The Cavemen, 'yan'uwa biyun nan da suka dawo da highlife da faifansu Roots a 2020, ga shi ɗayansu, Kingsley Okorie, mai bes ne kuma shi ke gaba. Ni tawa ita ce "Water No Get Enemy" ta Fela, ta 1975. 'Yan sautuka kaɗan ne, ana maimaita su minti bayan minti, ba ƙari ba ragi, duk ƙahonin da gangunan a kansu suke zaune. Ranar da na fara jin irin wannan kiɗa a Shrine, a ƙirjina na ji shi kafin kunne. Tsirkiyar E tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan. Duk wanda a waya kawai yake jin kiɗa bai taɓa jin bes ba tukuna.

To nan ne nake jin haushinmu. Mun bar fiyano ɗaya ta Yamaha a situdiyo ta cinye makaɗa goma. Yaro ɗaya ya danna ganga, ya danna bes da hannun hagu, an gama waƙa. Ranar dina a biya mawaƙi kuɗi mai yawa, ya zo da filashi a aljihu, DJ ya saka, shi kuma ya riƙa motsa baki, jama'a na liƙi. Ba mai tambaya ina makaɗan. Yaron da ya ɗauki jita kuma a ce ya lalace, a hana shi aure. Alhali ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Bala Miller ya riƙe cikakkiyar ƙungiya a Kaduna yana waƙa da Hausa, da jita da ƙahoni, iyayenmu suna rawa. Kafin shi ma muna da namu. Ku saurari garaya da kyau, ku ji yadda tsirkiyarta mai kauri ke riƙe ƙasa. Ku saurari kalangun amshin Shata, yadda ƙaramin zagaye ɗaya ke ɗauke da waƙa har ƙarshenta. Abin da nake yi da yatsu biyu a Lekki ke nan, kuma a wurinsu kunnena ya koya. Wani dare ina dawowa ta kan gadar Third Mainland direba ya sa Ɗan Maraya Jos, kuntigi kawai da murya, na ji kewar gida ta taso mini har na kasa magana.

Akwai wani mai garaya ɗan Katsina da ke zaune a Alaba Rago, yana yi wa mahauta da 'yan dako kiɗa da daddare. Na same shi, na ce, "Sarkin kiɗa, ka zo mu haɗa da bes da ganga mu ji." Ya yi ta dariya, amma ya yarda. Mun kama ɗakin gwaji a Surulere na awa biyu ranar Talata. Matsalar da ke gabanmu yanzu ita ce yadda za a sa wa garayar abin ɗaukar sauti ba tare da an huda fatar ba, domin ya ce ko nawa za a ba shi ba wanda zai taɓa ta da ƙusa. Ɗan Zonkwa ya ce yana da irin wanda ake mannawa, zai zo da shi. In abin ya yi, zan turo muku ku ji, amma don Allah ku nemi lasifika babba.