Kwana shida ina nutso da kifin shak a Fuvahmulah

Da na gaya wa Hajiya cewa zan je tsibiran Maldibs in shiga ƙarƙashin teku don kallon kifin shak, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kai da ko a rafin garinmu ba ka iya wanka ba, ina kai ina teku?" Gaskiyarta ce. Sai da na girma na koyi iyo, takardar shaidar nutso kuma a Masar na samo ta, a Bahar Maliya, lokacin da aiki ya zaunar da ni can. Kafin wannan tafiyar sau talatin da 'yan kai kawai na taɓa goya tukunyar iska na nutsa. Ku riƙe wannan adadin, don a kansa ne ƙorafina ya rataya.

Na sayi tsarin tafiyar ne daga wani kamfanin nutso da ke tsibirin Fuvahmulah: masauki na kwana shida, abincin safe, nutso uku kullum, da ɗaukowa daga filin jirgi. Ta WhatsApp muka gama komai, kuma ba su taɓa barin saƙona ya kwana ba. Na tashi daga Abuja, na ratsa ta Doha, na sauka a Male, babban birnin Maldibs. Biza ba matsala ba ce, a filin jirgi ake buga ta kyauta ta kwana 30, amma akwai takardar matafiya da ake cikewa ta intanet kafin a iso, kuma mu da muke fitowa daga Najeriya dole mu riƙe katin rigakafin shawara. Kamfanin bai tuna mini da katin ba, Allah ne ya sa yana cikin fasfo. Daga Male sai ƙaramin jirgi ya yi kudu da mu, sama da awa ɗaya, har muka tsallake layin da ya raba duniya biyu.

Tsibirin shi kaɗai ne tsaye a tsakiyar teku, ba shi da zoben ƙananan tsibirai da ke kare shi kamar sauran sassan ƙasar. Kana barin gaɓa kaɗan ƙasa ta zurma. Wannan ne ya sa manyan kifayen tsakiyar teku ke zuwa dab da shi, wannan ne kuma ya sa ruwansa ba ya wasa.

Nutson da kowa ke zuwa dominsa a bakin tashar jiragen ruwa ake yin sa, tafiyar 'yan mintuna a kwalekwalen da suke kira doni. Asalin abin, masunta sun daɗe suna zubar da kawuna da kayan cikin kifin tuna a wurin, sai shak mai zanen damisa ya saba da zuwa kiwo. Yanzu masu nutso ne suka gaji wurin. Kafin mu shiga, jagoranmu ya yi mana bayani na kusan rabin awa ba tare da murmushi ba: kowa ya tsaya a layi, kada a miƙa hannu, kada a bar wani abu yana reto a jiki, kuma komai rintsi kada ka juya wa kifin baya. Idan ya nufo ka, ka dube shi ido cikin ido. Na ce a raina, faɗa da baki ai sauƙi gare shi.

Zurfin bai kai mita goma ba. Muka durƙusa a bayan wasu duwatsu, jagorori riƙe da sanduna suka tsaya gaba da bayanmu, wani ya cusa kawunan tuna ƙarƙashin dutse. Da farko ƙananan kifaye ne suka yi cincirindo. Can sai na ga duk sun dare, wata inuwa ta taso daga inda ruwan ya yi shuɗi sosai. Tsawonta zai kai mita huɗu, kaurinta kamar na bijimin da aka yi wa kiwon layya, ga zanen nan a gefenta ya ɗan dusashe saboda girma. Ba ta sauri. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, yadda take tafiya kamar mai gidan da ya shigo ya tarar da baƙi a zaurensa. Ta wuce ta gabana har ina ganin ƙwayar idonta tana juyawa, ni kuwa ina ta jero hasbunallahu a zuci, don baki yana cike da bututun numfashi. A nutso ɗaya na ƙirga bakwai. Masu bincike sun tantance sama da 200 a kewayen tsibirin ta hanyar hotuna, mafi yawansu mata, kuma jagororin suna gane wasu da tabon da ke jikinsu, har sun raɗa musu sunaye.

A wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo. Sau ɗaya wata ta matso fiye da kima, jagoran ya ɗora tafin hannunsa a saman kanta ya karkatar da ita kamar mai kora akuya daga kan shanya. Amma kada a ruɗe ku da hotunan Instagram. Wannan kallo shiryayye ne, abinci ne ke kawo su, kuma a lokacin da aka ware mana wata tawagar tana jira a sama mu fito ta shiga. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da sabar wa dabba irin wannan cewa ƙarar injin jirgi na nufin abinci ba.

Inda muka saɓa da kamfanin shi ne sauran nutson. A WhatsApp na faɗa musu adadin nutson da na yi, suka ce babu damuwa. Akwai damuwa. Da sassafe ake fita neman shak mai doguwar wutsiya, wanda wutsiyarsa ta kusa kai tsawon sauran jikinsa, yakan hauro daga zurfi don ƙananan kifaye su tsince masa ƙwarin jiki. Nan kuwa ana sauka har kusan mita 30, iyakar da dokar ƙasar ta yarda, kuma ana faɗawa ruwa ne a nutse kai tsaye ba tare da tsayawa a sama ba, don in ka yi jinkiri igiyar ruwa ta raba ka da mutanenka. Rana ta biyu haka ta faru da ni. Kunnena ya ƙi buɗewa, na tsaya daidaita shi, kafin in ankara tawagar ta zama ɗigo-ɗigo can ƙasa. Mu tara ne a hannun jagora ɗaya. Na hau sama a hankali, na hura balan-balan ɗin alama, na yi kusan minti goma ina lilo a kan taguwar ruwa kafin doni ya hango ni. Minti goman nan ya fi mini kallon damisar teku tsawo.

Da na yi magana, manajan bai yi musu ba, ya haɗa ni da jagora na kaina a sauran kwanakin, amma da ƙarin kuɗi. Da sun faɗa mini tun farko da na shirya. Haka ma hayar kaya: rigar nutso, takalman iyo da agogon da ke lissafa zurfi duk ba sa cikin farashin, sai ranar biya na ga lissafin ya kumbura. Wanda zai je ya nemi a rubuto masa komai dalla-dalla, ya tambayi mutum nawa ke bin jagora ɗaya, kuma in nutsonsa bai kai hamsin ba ya fara ƙaro gogewa a ruwa mai ja.

A tudu kuwa na ji daɗi fiye da yadda na zata. Garin Musulmi ne, kiran salla yana iso ka har ɗaki, ba a sayar da giya, ba ka tambayar ko nama na halal ne. Alƙibla ce ta rikita ni ranar farko, mu da muka saba fuskantar gabas, can sai ka juya arewa maso yamma. Ranar Juma'a an tsara fita yadda duk muka samu jam'i. Abincin safe kusan kullum mas huni ne, dakakken tuna da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Kwana uku ina santi, a na huɗu na fara mafarkin ƙosai.

Ranar ƙarshe ba a nutso, don jiki na buƙatar kusan kwana guda kafin a hau jirgin sama, kuma nan kamfanin ya kyauta da ya tsara hakan da kansa. Na ari babur na zaga tafkunan ruwan daɗi biyu da ke tsibirin, na ƙare a gaɓar Thoondu mai fararen tsakuwoyi masu santsi. Daga nan na tura wa Hajiya bidiyon. Ta kira ni nan take, ba ko sallama: "Wannan abin da ya wuce ta gabanka, a keji yake ko?" Na ce mata a'a, Hajiya. Ta ce in ba ta lambar jirgin da zai dawo da ni.